Kuɗin Alawa Ya Isa Ya Kare Haƙoran Yaranmu

Na shiga wani kemis a unguwarmu bayan magariba, na tarar da wata mata riƙe da yaro wanda bai wuce shekara huɗu ba. Kuncinsa ɗaya ya kumbura, yana kuka ƙasa-ƙasa irin na wanda ya gaji da kukan. Ta ce jiya ba su runtsa ba, ko tuwo ba ya iya taunawa. Mai kemis ya haska bakin da fitilar wayarsa, ya ɗauko maganin ciwo na ruwa da wasu kafso, ya ce, "Hajiya, kar ki damu, ai haƙorin nono ne, da kansa zai faɗi." Ta biya, sannan ta ƙara da alawa mai tsinke don yaron ya yi shiru.

Ban ga laifin matar ba, abin da ta taso ta ji ana faɗa ne. Maganar mai kemis ce ta tsaya mini a rai, domin haƙorin da ya haska turmi ne, kuma turmin yaro ba ya faɗuwa sai ya kai shekara 10 zuwa 12. Wato an ce wa ɗan shekara huɗu ya jira shekara shida ko fiye da rami a bakinsa.

Ga matsayina tun daga farko. Kula da haƙoran ƙananan yara yana cikin abubuwa mafi arha a duk harkar lafiya, kuma yawancin gidajenmu, har na masu ƙaramin ƙarfi, suna da kuɗin yin sa. Kuɗin suna nan, a kan alawa da biskit da lemon kwali muke kashe su kullum. Abin da ake buƙata buroshi ne, da ɗan makilin mai sinadarin fuloraid, da babba ɗaya da zai tsaya a kan yaro kafin ya kwanta, da rage yawan lokutan da zaƙi ke shiga bakinsa. Asibitin haƙori yana da tsada, gaskiya ne. Amma mafi yawan abin da ke kai yara can, a tsakar gida ake iya tare shi.

"Ai zai faɗi, wani ya fito"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, don haka da ita zan fara.

Haƙoran nono guda 20 ne. Sukan fara fitowa tun yaro yana kusan wata 6, su kammala kafin ya cika shekara 3. Famfara takan fara da na gaba a kusan shekara 6, amma na ciki suna nan daram har yaro ya kusa gama firamare. Da su zai ci abinci, da su zai koyi furta baƙaƙe a makarantar allo, a shekarun da jikinsa da ƙwaƙwalwarsa suka fi buƙatar abinci mai gina jiki. Yaron da turminsa ke ciwo yana gudun nama da gyaɗa da duk abin da sai an tauna, ya koma wa koko da shayi da biredi. Sai ka ji ana cewa yaron nan ba ya son cin abinci, alhali ba wanda ya taɓa buɗe bakinsa ya duba.

Akwai kuma aikin da haƙorin nono yake yi wanda ba a gani. Kamar yaron da aka aika da darduma ya kama wa mahaifinsa wuri a sahun Juma'a yake: idan ya tashi kafin mai wurin ya iso, na gefe za su matso su cike gurbin. Idan aka cire turmin nono tun lokacinsa bai yi ba, maƙwabtansa sukan karkato, babban haƙori ya zo ya rasa wurin fita, ya ɓullo a karkace ko ya hau kan wani. Gyaran wannan da waya sai mai hali sosai. Kuma ƙwayar babban haƙorin tana kwance ne a ƙarƙashin na nono. Idan mugunya ta taru a saiwar na sama, tana iya ɓata na ƙasa tun bai fito ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wani haƙori da iyaye da yawa ba su san da shi ba. A kusan shekara 6, turmi na dindindin yana fitowa a can ƙurya, bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba. Saboda ba a ga famfara a wurin ba, sai a ɗauka shi ma na nono ne. Ya ruɓe ana kallo, ana jiran ya faɗi, alhali babu wani a bayansa. Duk wanda ke da yaro ɗan aji ɗaya ko biyu na firamare, ya buɗe bakinsa yau ya ƙirga daga tsakiyar gaba zuwa baya. Idan ya kai na shida a gefe ɗaya, to wannan na shidan shi ne na har abada.

Babu tsutsa a ciki

Har yanzu akwai masu yawo a kasuwanni suna turara wa mutane hayaƙi a baki, su nuna musu wasu fararen abubuwa a cikin ruwa su ce tsutsar haƙori ce ta fito. Babu tsutsa a cikin haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna zaune cikin dattin nan mai yauƙi da ke manne wa haƙori. Sukari shi ne abincinsu. Idan sun ci sai su fitar da ruwa mai tsami wanda ke narkar da fatar haƙori a hankali. Duk lokacin da zaƙi ya shiga baki, wannan tsamin yakan ɗauki kusan rabin awa yana aiki, kafin yawu ya wanke shi ya fara gyara abin da ya ɓaci.

Daga nan ne za a gane abin da ya fi muhimmanci, kuma bai buƙatar ko kobo: yawan lokutan da yaro ke shan zaƙi ya fi yawan zaƙin illa. Yaron da ya ci alawa uku a zama ɗaya bayan abincin rana ya fi wanda ya tsotsi guda ɗaya da safe, ɗaya da hantsi, ɗaya da la'asar samun sauƙi, domin na biyun bakinsa bai huta ba duk yini. Mafi muni shi ne zaƙin dare, saboda yawu yana raguwa idan mutum ya yi barci, babu mai wanke tsamin har gari ya waye.

Kuma matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta yara miliyan 514 ne ke da ruɓar haƙoran nono a duniya. Bambancinmu da wasu ƙasashe shi ne su suna da likita a kusa, mu kuwa a ƙauyuka da yawa sai an yi tafiya mai nisa kafin a ga kujerar likitan haƙori. Wanda likita ya yi wa nisa shi ya fi kowa buƙatar ya tare abin tun daga gida.

Ta ina zaƙin yake shigowa

Idan ka tambayi uwa za ta ce ai ɗanta ba ya shan alawa sosai. Mu bi yinin yaron tare.

Da safe koko ko shayi, an zuba sukari har sai cokali ya ji. Zai tafi makaranta an ba shi kuɗin tara, kuma a bakin ƙofar makaranta babu abin da ke kan tire sai alawa da cingam da tuwon madara da ƙanƙarar leda mai launi. A cikin jakarsa akwai lemon kwali ko madarar roba mai zaƙi, wanda iyaye da yawa ke ɗauka abinci ne mai gina jiki saboda an zana 'ya'yan itace a jiki. Da yamma a Islamiyya wani ya kawo sadakar biskit. A hanya ya biya gidan kaka, ita kuma ba ta iya ganin jikanta ya tafi hannu sake. Bayan isha'i uba ya dawo da tsaraba a leda, yara su yi masa oyoyo, su ci, su kwanta a wurin.

Ina so in daɗe kaɗan a kan wannan tsarabar, domin mu maza mun iya ɗora komai a kan iyaye mata. Uba ya yini a kasuwa ko wurin aiki, bai ga yaransa ba, yana so ya ga sun yi murna da dawowarsa. Niyyar mai kyau ce. Amma biskit da alawar da ake ci ƙarfe tara na dare a kwanta ba a wanke baki ba, babu abin da ya kai su ɓata haƙori. Da kuɗin nan ɗaya zai iya sayo ayaba ko lemon zaƙi ko gyaɗa ko dafaffen ƙwai ko ɗan tsire. Idan kuma dole sai alawar, a ajiye ta sai gobe bayan an ci abincin rana. Yaro zai yi kuka kwanan farko, daga baya ya saba.

Sai fida. Jaririn da ake kwantarwa da fida a baki, cike da madara mai sukari ko shayi ko lemo, haƙoransa na sama na gaba ne ke fara tafiya. Da farko za a ga wani fari-fari kamar alli a gindin haƙori kusa da dasashi, sannan ya koma ruwan ƙasa, sannan ya gutsure. Kowa ya san yaran nan da haƙoransu na gaba suka zama baƙaƙen guntaye tun ba su shiga makaranta ba, har ana yi musu tsiya wai ɓera ya ci. Idan yaro ya kai shekara ɗaya a koya masa sha da kofi. In kuma sai da fida yake barci, a zuba ruwa zalla.

Ba shayarwa nake suka ba. Nonon uwa har shekara biyu abu ne da Alƙur'ani ya ambata, likitoci ma suna kira a kai. Abin da ake so kawai, da zarar haƙori ya fito a fara tsabtace shi, musamman da dare.

Wata al'ada kuma da ya kamata a rage ita ce tauna abinci a ba jariri, ko lasar cokalinsa kafin a sa masa a baki. Ƙwayoyin da ke ruɓar da haƙori sukan tashi daga bakin babba zuwa na yaro ta wannan hanyar, musamman idan babban yana da kogon haƙori.

"Abinci ma da ƙyar, ina kuɗin makilin?"

Wannan hujjar ina girmama ta, domin kowa ya san yadda rayuwa ta yi tsada. Akwai gidajen da ko alawar ba sa iya saye. Amma mu yi lissafi da gaskiya.

Yaron da bai kai shekara 3 ba, makilin daidai ƙwayar shinkafa ake shafa masa a buroshi. Daga shekara 3 zuwa 6, daidai ƙwayar wake ƙarama. Masu talla ne suka koya mana cika buroshi daga kai har gindi, domin makilin ya ƙare da wuri mu sake saye. Idan aka bi ƙa'ida, ƙaramin makilin ɗaya zai yi wa yara uku watanni. Buroshi kuma sai bayan kamar wata 3 ake canzawa, ko idan gashinsa ya baje. A haɗa kuɗin duka biyun a kwatanta da kuɗin tara na mako biyu na yaro ɗaya.

Ba sai an sayi na yara mai hoton zane da ɗanɗanon alawa ba, wanda galibi ya fi tsada. Wasu daga cikinsu ma fuloraid ɗin da ke ciki bai kai ba, wasu babu shi sam. A juya kwalin a karanta. Abin da ake nema shi ne fuloraid da ya kai 1000 ppm ko fiye (ppm shi ne ma'aunin yawansa da ake rubutawa a kwali), kuma na manya da ake amfani da shi a gida yakan kai 1450. Shi ɗin ya wadatar wa kowa a gidan, muddin an kiyaye adadin da ake ɗiba wa yaro. A duba lambar NAFDAC, domin jabu ya yi yawa a kasuwa.

Fuloraid shi ne abin da ake biyan kuɗin dominsa, kumfa da ƙamshin minti ado ne. Yana shiga fatar haƙori ya ƙarfafa ta, ya taimaka wa yawu ya gyara wurin da tsami ya fara ci. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa makilin mai fuloraid cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba, a shekarar 2021. Kuma saboda haka ne ake cewa bayan an goge a tofar kawai, kar a kurkure da ruwa. Mu kuwa mun saba da kurkurewa sau uku, mu zubar da abin da muka saya.

Sau biyu ake gogewa, safe da dare, kuma na dare ya fi. A nan muka fi yin sakaci: kusan kowane gida ana goge baki da safe saboda kunyar wari, amma da dare sai ɗaiɗaiku. Sannan miƙa wa ɗan shekara huɗu buroshi a ce "je ka wanke bakinka" ba gogewa ba ce, tsotse makilin zai yi ya dawo. Hannun yaro ba ya iya kaiwa ƙurya da kyau sai ya kai shekara 7 ko 8. Kafin nan babba ne zai zaunar da shi a cinya ko ya tsaya ta bayansa, ya ɗaga leɓe, ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya har inda suka haɗu da dasashi. Minti biyu ne. A gidan da yara suka yi yawa, yayye za su iya yi wa ƙanne, kamar yadda suke yi musu wanka. Kowa dai da buroshinsa, ba a karo-karo.

"Kakanninmu da aswaki suka tsufa da haƙoransu"

Haka ne, kuma ba ni da abin cewa a kan aswaki sai alheri. Sunna ce mai ƙarfi. Hadisi ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da yin aswaki a kowace sallah. Wanda ya iya riƙe aswaki da kyau yana cire datti sosai, kuma arharsa ba a magana.

Sai dai kakanninmu ba su tashi da abin da jikokinsu ke sha ba. Zaƙinsu rake ne a lokacinsa, da zuma, da dabino, da nakiya ko alkaki ranar biki. Ba a sayar musu da lemon kwalba a kowane lungu, ba a zuba musu sukari a koko kullum. Bakin da ke fuskantar zaƙi sau shida a yini yana buƙatar kariyar da ta wuce gogewa kawai. Kuma ɗan shekara biyu ba zai iya sarrafa aswaki ya kai turamensa ba. Don haka ban ga dalilin zaɓar ɗaya a bar ɗaya ba: a koya wa yaro aswaki da rana idan ya fara sallah, a goge masa da makilin safe da dare. Gidan da makilin ya yanke, a ci gaba da aswaki ko buroshi da ruwa har a samu, ya fi a bari.

Gawayi da toka da yashi kuwa a bar su. Suna sa haƙori ya yi haske na ɗan lokaci ne ta hanyar kankare fatarsa, kuma fatar haƙorin nono siririya ce, idan ta tafi ba ta dawowa.

Tsoron fuloraid

Wani zai ce ai fuloraid ɗin nan ne ya rina haƙoran mutane a wasu garuruwa. Yana da gaskiya. A yankin Kaltungo na jihar Gombe da Langtang na jihar Filato, ruwan ƙasa yana ɗauke da fuloraid fiye da kima, kuma ana ganin sa a haƙoran waɗanda suka girma a can. A Tibiri kusa da Maraɗi abin ya wuce haƙori, ruwan famfo ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a kowace lita ta ruwan sha saboda irin wannan.

Amma wancan fuloraid ne da ake haɗiya a ruwa kullum shekara da shekaru. Na makilin shafawa ake yi a tofar. Shi ya sa aka ƙayyade ƙwayar shinkafa da ƙwayar wake, shi ya sa kuma ba a barin makilin inda yaro zai ɗauka ya shanye. Mutanen garuruwan da aka san ruwansu da wannan matsalar su nemi shawarar ma'aikacin lafiya na yankinsu, kuma haƙƙinsu ne hukuma ta auna rijiyoyin burtsatse kafin a buɗe wa jama'a.

"Haƙori yake fitarwa"

Ba zan wuce wannan ba, domin ya ci rayuka. Jariri ya yi zazzaɓi mai zafi ko zawo, sai a ce haƙori ne, a zauna. Fitar haƙori tana sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da rigima, amma ba ta kawo zawo mai tsanani ko zazzaɓi mai zafi. Abin da ke faruwa shi ne lokacin fitar haƙori ya zo daidai da lokacin da yaro ya fara rarrafe yana kai komai baki, kuma kariyar da ya samo daga uwa ta fara raguwa. Zazzaɓin yana iya zama na cizon sauro, zawon kuma yana iya ƙarar da ruwan jikinsa a kwana ɗaya. Asibiti ake kai shi.

Maganin haƙori na kwalba da na gari da ake sayarwa jarirai kuwa asarar kuɗi ne, wani lokaci har da ta rai. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, wani maganin fitar haƙori mai suna My Pikin, wanda aka gurɓata da sinadari mai lalata ƙoda, ya kashe yara aƙalla 84 a Najeriya, har da a Zariya. Tsabtataccen yatsa a murza dasashi, ko tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi, sun isa.

Idan ciwon ya riga ya zo

A nan ne talaka ya fi yin asara, domin yakan kashe kuɗi sau da yawa a wurin da ba za a warke ba. Maganin ciwo yana kwantar da zafi, ba ya cike rami. Kafson kashe ƙwayoyin cuta yana sauke kumburi na ɗan lokaci, ya dawo. A sayi wannan a wata, a sake saye wata mai zuwa, kafin shekara an kashe abin da ya fi kuɗin ganin likita, haƙorin kuma ya wuce gyara. Wasu kafson ma, irin tetirasaikilin, suna rina haƙoran dindindin har abada idan aka ba yaron da bai kai shekara 8 ba. Ɗora asfirin a kan dasashi yana ƙona nama. Ruwan batir da wasu ke ɗigawa a rami kuwa zalunci ne a yi wa yaro shi.

Abin da ya fi arha shi ne zuwa da wuri. Sau ɗaya a wata a ɗaga leɓen yaro a cikin haske a duba. Farin tabo a gindin haƙori yana iya tsayawa da gogewa da fuloraid kawai. Ƙaramin rami ana iya tare shi ba tare da inji ba. Akwai wani ruwan magani mai azurfa da fuloraid, likitoci na kiransa SDF, wanda ake ɗigawa a ramin ya tsayar da ruɓar. Aibinsa shi ne wurin yakan yi baƙi, amma babu allura, babu haƙa. Akwai kuma hanyar kankare ruɓar da kayan hannu a cike da wani irin siminti na haƙori, wadda aka fara a Tanzaniya a shekarun 1980 domin wuraren da babu lantarki. Ruwan maganin da simintin duka suna cikin jerin nan na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021. Iyaye su tambaya, domin wani lokaci cirewa ake fara ambata musu.

Asibitocin gwamnati sun fi na kuɗi sauƙi nesa ba kusa ba. Manyan asibitocin jihohi da yawa suna da sashen haƙori, haka asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Jami'ar Maiduguri, inda ake horar da likitocin haƙori. Akwai layi, akwai jira, amma ya fi a kai yaro wurin mai cire haƙori a kasuwa da filaya ɗaya ga kowa.

Kumburin da ya kai ido ko ya sauka wuya, ko ya zo da zazzaɓi, ko ya hana yaro haɗiya, ba a kwana da shi. Haka kuma idan yaro mai tamowa, ko wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, ya fara warin baki mai tsanani da zubar jini a dasashi. Ta haka cutar noma mai cin fuska take farawa, galibi a yara 'yan shekara 2 zuwa 6, kuma cikin kwanaki take huda kunci. Idan aka kama ta da wuri, magani mai sauƙi ne ke tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibiti na musamman dominta tun 1999, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023. Ƙasar da ke da irin wannan asibitin bai kamata ta ɗauki bakin yaro da wasa ba.

Rabon hukuma

Na ɗora wa iyaye nauyi da yawa, amma ban sauke wa gwamnati nata ba. Dokar Kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi. Tunda an yarda lemon yana cutarwa har aka sa masa haraji, adalci shi ne a ware wani kaso na kuɗin a saya wa yaran makarantun gwamnati buroshi da makilin.

An gwada wannan a wani wuri, ya kuma yi aiki. A Sikotilan da ke Birtaniya, ƙarƙashin shirin Childsmile, yaran makarantun reno suna goge baki kullum a aji a gaban malama, kuma ruɓar haƙori ta ragu sosai a tsakaninsu. Babu abin da ke cikin wannan da ya fi ƙarfin firamare ko Islamiyya a Kano ko Katsina ko Damagaram. Masu makarantun kuɗi ma ba sai sun jira gwamnati ba. Wanda ya iya tilasta wa iyaye sayen safa da takalmi iri ɗaya zai iya cewa a daina sako lemon kwali a jaka, ya kuma yi magana da masu tire a bakin ƙofarsa su ƙara gyaɗa da aya da 'ya'yan itace.

Sai wurin da ya fi ko'ina sauƙi, wato asibitin sha-ka-tafi ranar riga-kafi. Uwa tana kawo jariri allurar ƙyanda yana wata 9, daidai lokacin da haƙoran farko suka fito. Ma'aikaciyar da ke auna nauyinsa za ta iya ɗaga leɓensa ta duba, ta nuna wa uwar adadin makilin a kan buroshi, ta ce mata kar a kwantar da shi da fida mai zaƙi. Wannan ba ya buƙatar sabon gini ko kujerar likita. Horon yini ɗaya ne ga ma'aikatan da suke nan tun da, da layi ɗaya a katin riga-kafi inda za a rubuta an duba baki. Hukumomin lafiya matakin farko na jihohinmu suna da ikon fara shi a wannan shekarar, kuma ya kamata masu kemis su shiga horon, tunda wurinsu iyaye ke fara zuwa.